Littafin da Gara ta Cinye Ƙarshensa

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Ko jiya sai da na birkice ɗaki ina neman madubin idona, ashe yana bisa goshina. Amma akwai wata Juma'a ta farkon damina, shekaru kaɗan kafin nasara su sauke tutarsu, wadda ba za ta bar ni ba sai ranar da ƙasa ta rufe mini ido. Abin haushin ma, ban ga abin da ya faru a ranar ba, don ba na nan. Rashin nawa shi ne labarin.

Ni ɗan Birnin Damagaram ne, gidanmu gidan dukanci. Ina ƙarami aka kama ni aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, tsohuwata tana kuka kamar gawata aka fitar. Da na gama aka ba ni aikin koyarwa, aka jefa ni wani babban ƙauye can gefen Durum, ina da shekara ashirin da ɗaya. Lakwal ɗin rumfa ce ta kara da ciyawa, aji ɗaya, malami ɗaya, wato ni. Kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malami da faransanci, har tsofaffin da suka yi jika da ni.

Kada ku ɗauka mutanen garin sun wulaƙanta ni. Ko kusa. Da ma zagina suka yi, da na samu abin mayarwa. Gaisuwa kam har da russunawa. Amma da na doshi inda ake hira sai magana ta mutu, wannan ya tuna bai ɗaure akuyarsa ba, wancan ya tuna ana nemansa a gida, kafin in gyara zama saura ni da tabarma. A wurinsu ni kunnen kumandan ne, wato ɗan rahoton baturen mulki, mai kwashe musu yara lokacin aikin gona. Daga gidan maigari ake aiko mini da tuwo, a ajiye akushi a bakin ƙofa a juya. Ni da na tashi a gidan da hannu tara ke shiga kwano ɗaya ana rigima kan loma, sai ga ni ina jin ƙarar taunata. Wallahi na sha yin kuka, da wandona na kaki da takalmina sau-ciki. Akwai ranakun da in yara suka watse da tsakar rana, ba na sake buɗe baki sai a salla.

Sai Allah ya jefo mini wani tsoho. Malami ne, amma ba shi ne limamin gari ba. Da ƙuruciyarsa ya tafi Makka a ƙasa, ya yi shekara goma sha ɗaya kafin ya dawo, ya iske matarsa ta rasu, abokansa kuma sun saba da rashinsa. Ana girmama shi ƙwarai, amma an gaji da labaransa. Da ya ce "lokacin da muke Sudan" sai ka ga ana zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wata rana bayan la'asar ina zaune gindin aduwar da ke ƙofar ɗakina, sai ga shi da buzunsa da damin kaba a hammata. Ya shimfiɗa, ya zauna, ya kama tufkar igiya, ko izini bai nema ba.

"Ɗan Birni," ya ce, "an ce kai ma in ka zo ana watsewa. To ga ni, sai mu haɗa tsiyarmu wuri ɗaya."

Tun daga ranar bai fasa zuwa ba. Yana tufka yana ba ni labarin gonakin auduga da jirgin ruwa, ni kuma ina gaya masa ƙasa ce ke zagaya rana, yana dariya yana cewa nasara sun ɗura mini ƙarya har wuya. Shi ne mutum na farko a garin da ya sa hannu a akushina. In ya makara sai in kama kaina ina leƙen hanya kamar yaron da uwarsa ta tafi kasuwa. Duk abin da na mallaka a garin nan, tsohon nan ne.

To, akwai wani littafi. Wani akawu ɗan Dahome, maƙwabcinmu a Damagaram, shi ya ba ni shi ranar da aka canja masa wurin aiki, ya ce na ƴaƴansa ne, sun girme shi. Littafin yara ne da faransanci, bangonsa ya yage, ko sunan wanda ya rubuta shi babu. Don rashin abin yi nake karanta shi, shafi uku ko huɗu a rana, ina tattalinsa kada ya ƙare. Ban taɓa yarda na leƙa ƙarshensa ba.

Labarin wani gari ne wanda duk lokacin da mutum ya yi ƙarya ko ya cuci ɗan'uwansa sai ƙaya ta tsiro a ƙofar gidansa. Da haka da haka har sarƙaƙiya ta kewaye garin ta raba shi da kogi, mutane suna mutuwa da ƙishi. A tsakiyar sarƙaƙiyar akwai wani tsohon maciji mai magana, shi ke kiwon ƙayar. Sai wani saurayi makiyayi ya ɓullo, ba wanda ya san ta inda ya shigo, ashe ɗan sarkin ƙasar bayan dutse ne ya ajiye kayan sarautarsa ya zo. Manyan gari suka ƙi shi, yara goma sha biyu suka bi shi.

A ƙarshen bazarar nan, da hadari ya fara haɗuwa, iyaye suka shiga janye yara don sharar gona. Rumfata ta koma rabi, rabin ma ya soma zagwanyewa. Ga shi mai duba makarantu zai zo kafin hutu, in ya iske rumfa wayam za a rufe ta, ni kuma a rubuta ni cikin waɗanda suka kasa. Sai dabara ta faɗo mini. Kullum kafin in sallami yara sai in ba su guntun labarin makiyayin nan da Hausa, ko da yake an hana Hausa a aji. Ranar farko wata yarinya ta ce, "Mushe, ba a tatsuniya da rana, ɓacewa mutum yake yi." Ta miƙe ta ƙulla bakin ciyawar rumfa, wai ta ɗaure tatsuniyar, sannan suka yarda suka saurara. Na gyara abubuwa yadda za su gane. Inda littafi ya ce burodi, ni na ce dawon fura. Inda ya ce wani jan abin sha, na ce nono.

Kai! Cikin kwana goma rumfa ta cika. Har gudowa ake yi daga gona, a zo da ƙasa a ƙafa a tsugunna baya. Na yi ta jin kaina, ina cewa ni ɗin ba dama ne. Muka zo inda makiyayin ya tara yaransa ya raba musu abinci ya ce gobe ba za su gan shi ba. Muka zo inda ɗaya daga cikinsu ya nuna wa maciji maɓoyarsa. Muka zo inda ya shiga sarƙaƙiya da ƙirjinsa, duk ƙayar da mutanen gari suka tsirar tana tsinkewa tana kafewa a jikinsa, har hanya ta buɗe zuwa kogi, shi kuwa ya faɗi matacce. Aka sa shi cikin kogo aka toshe da dutse. Ranar ba yaron da bai yi hawaye ba, har waɗanda bulala ba ta sa su kuka.

Washegari da safe na ɗauko littafin in ga abin da ya biyo baya, sai ƙasa ta zubo mini a cinya. Gara. An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, ni kuma da wayon ɗan birni a ƙasa nake ajiye littafin, jikin bango. Tsohon ya sha gaya mini in rataye kayana a ragaya, na ƙi ji. Ta baya ta faro, ta cinye shafukan ƙarshe tas, ba ta bar mini ko layi ɗaya da zan kama ba. Na ce wa yara yau ba labari, kaina ke ciwo.

Da la'asar tsohon ya zo na nuna masa, ina ta tsine wa gara. Ya ce wane labari ne wannan da yara suka hana gari sakat da shi? Sai na kwashe duka na gaya masa. Tun ina tsakiya na lura hannunsa ya daina tufka. Da na kai bakin kogo na yi shiru, sai ya ce, "Yaran da suka bi shi su nawa ne?"

Na ce goma sha biyu.

"A littafin, fura ya raba musu, ko kai ka mai da ita fura?"

Na ce burodi ne.

"Da jan abin sha a ƙoƙo ɗaya, kowa ya kurɓa ya miƙa?"

Ban gaya masa wannan ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina ka san haka?"

Ya yi murmushi. "Bar zagin gara, ɗan Birni, ni zan ƙarasa maka. Bayan kwana uku za a je kogon da sassafe a iske an gusar da dutse, ba kowa ciki. Mace ce za ta fara ganinsa da rai. Zai nuna musu tabon ƙaya a hannunsa, sannan ya koma wurin ubansa."

Mutumin da bai san ko harafi ɗaya na boko ba, ga shi yana karanta mini shafukan da gara ta cinye. Ni kuwa da na ƙare lakwal, na yi wata guda da littafin a hannu ban ga komai ba.

Ya ce a hanyarsa ta dawowa ciwo ya kayar da shi a wani gari a Sudan, ayari ya tafi ya bar shi. Wani Kirista mai ɗinkin takalma ya ɗauke shi ya yi jinyarsa wata bakwai, yana wanke masa har abin da ba a faɗa, kuma bai taɓa ce masa ya bar sallarsa ba. A gidan ya ji yadda suke ba da labarin Annabi Isa. "Shi ne wannan," ya ce, "riga kawai aka sauya masa don yara. Makiyayin shi ne, ƙayar zunubi ce, macijin ka san shi. Mu ma haka muke yi, a sa magani cikin zuma. Mu mun ce ba a kashe shi ba, Allah ne ya ɗauke shi, kuma Allah ba shi da ɗa. Su sun ce an kashe shi ya tashi. Nan muka rabu da su. Amma mutum ya ɗauki ƙayar ɗan'uwansa a jikinsa, wannan ban taɓa jin inda aka ce mugun abu ne ba."

Na ce wallahi ban sani ba. Ya ce ya yarda, ai da na sani da ban kawo masa da kaina ba. Sannan ya ajiye igiyar gaba ɗaya ya dube ni.

"Jiya ba ka sani ba, yau ka sani. Mutanen nan sun ba ka ƴaƴansu kan faransanci da lissafi, ba su san da wannan ba. Ni ba zan gaya wa kowa ba, ba maganata ba ce. Kai za ka faɗa da bakinka. Jibi Juma'a, in an sauko masallaci, ka tashi ka ce ga abin da ya faru. Zan zauna kusa da kai. In suka ce a bari, a bari. In suka ce a ƙarasa, ka ƙarasa."

Na ce, "Malam, ai jifana za su yi. Da ma cewa suke ni yaron nasara ne. Za su kwashe yaransu, a rufe lakwal, a kore ni."

"Wataƙila," ya ce. "Amma zan zauna kusa da kai."

Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ce ta kashe ni, don na san lokacin da nake faɗarta ba ta kai zuci ba.

Ranar Juma'a da hantsi na sallami yara, na ce an aiko tsohuwata ba lafiya. Ƙarya ce, lafiyarta lau, da na isa ma daka na iske tana yi. Na hau kekena na kama hanyar Damagaram ina taka shi kamar ana bina. Littafin yana cikin jakata, a hanya na tsaya na cusa shi cikin wani ramin gara, na ce ta ƙarasa aikinta. Har ina yaba wa kaina, wai na kashe maganar ba tare da an ji kunyar kowa ba. Na yi kwana biyu a Birni cikin ƴan'uwana, ana ta hira ana dariya, ni kuwa hankalina yana can ƙauye.

Ranar Litinin na ce wa yara labari ya ƙare, makiyayi ya mutu, mutane sun sha ruwa, shi ke nan. Yarinyar nan mai ƙulla ciyawa ta ce, "Mushe, haka kawai? Ba wanda ya je ya buɗe masa?" Na daka mata tsawa na ce su buɗe littafin lissafi.

Da la'asar na shimfiɗa tabarma gindin aduwa na jira. Bai zo ba. Talata ma haka. Laraba na kasa daurewa na same shi a zaurensa. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi jikin tsohuwa, na ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, yana kallon cikin idona. Na ce, "Malam, na jefar da littafin, maganar ta wuce."

Ya ce, "Littafin me ya yi maka? Ni ban ce ka jefar da shi ba." Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Ka ba yara labarin wanda ya shiga ƙaya saboda wasu, har ka sa su kuka. Kai magana guda ta gagare ka."

Na tashi.

Ya cika alkawarinsa, bai gaya wa kowa ba. Mai duba makarantu ya zo ya iske rumfa cike, ya yaba mini, har ya rubuta. Na ƙara shekara biyu a garin. In mun haɗu da tsohon a hanya mukan gaisa, ya tambayi aiki in tambayi gida, amma bai sake zama gindin aduwata ba. Sau nawa ina shirya zuwa in ce masa na tuba, a tara mutane in faɗa. Sai in ce ai abin ya wuce, tono shi me zai ƙara? Kaɗaicin farko da na ba ku labari wasa ne a kan wannan. Wancan ɗora mini shi aka yi, wannan kuwa ni na saya da hannuna. Na koma cin tuwona ni kaɗai, ina jin tarinsa in ya wuce ta bayan dangata zuwa masallaci.

Ya rasu a shekarar da aka sauya tuta, ana ta kaɗe-kaɗe a Damagaram. Lokacin an riga an mai da ni Damagaram, sai na hau keke na je gaisuwa. Bayan an yi addu'a maigari ya jawo ni gefe. Ya ce, "Mushe, akwai abin da na daɗe ina so in tambaye ka. Wata Juma'a marigayi ya tsai da mu bayan salla, ya ce kada kowa ya tafi, Mushe yana da magana. Muka ce ai an ga Mushe ya hau keke tun da hantsi. Ya ce zai dawo, ya yi mini alkawari. Ga shuka tana jiranmu, ga rana, ya zaunar da gari guda. Ya matsa gefen buzunsa ya bar maka wuri, duk wanda ya zo zama ya ce a'a, da mai shi. Mutane suka gaji suka watse, shi yana nan har aka kira la'asar. Tun daga ranar aka fara cewa tsufa ya taɓa shi, aka daina kai masa shawara. Mun tambaye shi ya ƙi faɗa, ya ce ba maganarsa ba ce. Wai wace magana ce?"

Ban san sun zauna ba. Shekara biyu ina garin, ba wanda ya gaya mini, don ba wanda ke hira da ni. A zatona da ya ga ba na nan ya tashi ya tafi gida kamar kowa.

Nan a tsaye, a ƙofar gidan makoki, na gaya wa maigari komai, tun daga akawun har ramin gara. Ya saurara har na gama. Sai ya riƙe haɓa ya ce, "Wannan ce kawai? Haba Mushe! Ai da ka zo, iyaka mu yi maka faɗa, mu ce ka ƙarasa wa yara labarinsu, sannan Malam ya zaunar da su ya gaya musu yadda abin yake a wurinmu. A kan wannan ka bar tsoho cikin rana?"

Na tura kekena har bayan gari, na zauna gindin wani gawo na yi kukan da ban yi ba ranar da ubana ya rasu.

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa bayan nan. Littattafan yara iri-iri sun bi ta hannuna, na nasara da namu, na kuma gane ba labarin da ake ba yaro wanda ba a saƙa wani abu a cikinsa ba. Ban ga laifin mai saƙawa ba, kowa abin da ya yarda da shi yake so ɗansa ya sha. Nawa dai shi ne in karanta har ƙarshe kafin in buɗe baki, in kuma gaya wa iyaye abin da ke ciki ko da ba za su ji daɗi ba. Amma wannan ƙaramin darasi ne. Babban shi ne, in mutum ya ce maka tashi ka faɗi gaskiya zan zauna kusa da kai, to ya riga ya ajiye mutuncinsa a hannunka, kuma in ka gudu ba kai za a yi wa dariya ba. Ni na tsira da aikina, aka ce tsohon ya ruɗe, ya kuma mutu bai wanke kansa ba don kada ya tona ni.